Shaidu Goma Sha Biyu na Aurena

Ranar Laraba aka binne Si Larbi, lauyan garinmu, Allah ya kai haske kabarinsa. Shekara talatin da takwas ya yi a ɗakin aikinsa na saman gidan burodi. Har yau na kasa bi ta layin.

Na san shi ne shekarar da mijina Muha ya rasu. Aurenmu na Fatiha ne, irin na kowa a ƙauyukan kan dutse: an yanka rago, liman ya yi addu'a, ba wanda ya rubuta komai. Ko sadakar arba'in ba a yi ba, Assu wan mijina ya ce mu bar gidan, ni da 'yata Tuda, tunda hukuma ba ta san da aurena ba.

Na hau wurin Si Larbi ina kuka. Ya zuba mini shayi ya ce, "Lalla Hadda, mutum nawa suka ci kuskus ɗin bikinki?"

"Ƙauyen duka, Ustaz."

"To shaidu goma sha biyu kawai alƙali yake so."

Bai aika wa kowa sammaci ba. Ya ce mutanenmu in suka ga takardar kotu, ɓuya suke yi. Sai ya riƙa shiga kasuwar Talata da tsohuwar jallabiyarsa, rumfa rumfa, ya zauna yana jan hirar biki. A Talata biyar ya samu goma sha ɗaya. Sauran sun mutu, ko suna Faransa, ko suna jin nauyin Assu.

Ya rage Baba Hammu mai algaita. Ina tsaye ya ce, "Biki ɗari uku na busa, Larbi. Ina zan tuna nata?"

"Gaskiya ne, tsufa ya zo," in ji Si Larbi. "Wataƙila ma ba kai ba ne. Muha mai son abu mai kyau ne, daga birni zai ɗauko mabushi mai dogon numfashi."

Baba Hammu ya buga sandarsa a ƙasa. "Wane ɗan birni! Ni na busa tun hantsi har la'asar! A kuskus ɗinsu ma na tauna tsakuwa na fasa haƙorin nan, duba!"

"To taso ka nuna wa marubutan kotu."

Ya je ya wangale musu baki. Bayan wata uku alƙali ya tabbatar da aurena, aka rubuta Tuda da sunan ubanta. A gidan nake rubuta wannan. Assu yakan zo har yanzu, amma sai ya tsaya a ƙofa ya yi sallama.