Littafi Mai Yagaggen Bango

Ban iya karatun boko ba sai da na haura hamsin. Kafin nan matata Mariamu ce ke karanta mini littattafan Malam Yahuza da la'asar, bayan na rufe rumfar goro. Haifaffiyar Agege ce, Hausarta da ɗan Yarabanci a ciki. In za ta juya shafi sai ta lashi yatsa ta ce, "Oya, saurara."

Bayan rasuwarta na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da na fara haɗa baƙi, duk layin da na bi, da muryarta nake jin sa. Littattafai huɗu ta bari. Shekara uku ina zagaya su, ita ke ɗebe mini kewa.

Wata Asabar maƙwabcina Almu ya leƙo rumfa.

"Baba Mato, marubucin nan naka ya zo biki Iyana Ipaja. Tashi mu je gaisuwa."

"Rumfar fa?"

"Wa zai sace maka rumfa? Baƙo ya sauka a garinku, ka ƙi gaishe shi?"

Na ƙunsa masa goro a ganye, na ɗauki littattafai uku. Na huɗun bangonsa ya yage, na ji kunyar nuna shi. Muka hau motar haya, danfo.

Malam Yahuza gajere ne, mai fara'a, muryarsa kakkaura. Ya duba yadda shafukan suka yi laushi, ya yi dariya.

"Baba, karanta su kake yi ko taunawa? To, ka kawo goro, dole in ba da tukwici. Ni tukwicina karatu ne."

Ba a mayar da tukwici. Na zauna, ya buɗe kowanne ya karanta mini shafi guda, Hausa tsantsa, ba tuntuɓe. Jama'a suka yi ta tafi. Na yi godiya.

Washegari da la'asar na buɗe na farko. Muryarsa na ji, ba ta Mariamu ba. Na tsallaka shafin da bai karanta ba, shi ne dai, har da gyaran muryarsa. Na lashi yatsa na juya, na jira. Ba wanda ya ce in saurara. Na biyu da na uku ma haka.

Saura mai yagaggen bangon. Almu ya ce in kawo ya kai a ɗinke mini, na ce ya bari. Yana cikin akwatin Mariamu, ƙarƙashin zannuwa. Yau wata biyar ban buɗe shi ba.