Busar Rakiyar Merv

Mijina Athol mutum ne mai taurin kai, tsufa kuma bai rage masa komai ba sai gashi. Ranar da Bev ta bugo waya ta ce mijinta Merv ya cika, ko gaisuwar kirki bai yi mata ba sai cewa ya yi, "Ni zan busa masa." Ina tsaye a kansa ina gyara robar tukunyar iskar da likita ya haɗa shi da ita, na ji kamar in shauɗa masa ita.

Busar da yake nufi ta usur ɗin sojan ruwa ce, wani ɗan siririn abu na azurfa da ake ratayawa a wuya. A jirgi da shi ake tashin mutane, da shi ake kiran abinci. Idan ɗayansu ya mutu kuma, sai a yi masa busa guda doguwa, a ja ta har ta sauka a hankali, sannan a zuba tokar gawarsa da aka ƙona a teku. Tun da tsofaffin sojojin suka fara mutuwa a nan Nowra, Athol ne ke yi wa kowa.

Shi da Merv tun suna samari suka hau Tsohuwa, haka suke kiran jirgin yaƙin nan mai ɗaukar jiragen sama. Ta kai su Singapore, ta kai su Hawaii, ta dawo mana da su da zane a damtse da ƙarya cike da baki. Bututun cikinta duk a naɗe suke da asbestos, wani farin abu mai tare zafi. Duk sanda jirgin sama ya dira a kanta sai ta girgiza, farar ƙura ta zubo kan gadajensu, su kakkaɓe matashi su ci gaba da barci. An daɗe da sayar da Tsohuwa an yayyanka ta, amma ƙurarta tana kwance a huhunsu. Ta yi lamo har suka yi jikoki, sannan ta fara bin su ɗaya bayan ɗaya.

Washegari na same shi a rumfar bayan gida, ya cire robar daga hanci yana gwaji. Busar ta tashi tas, ba ta je ko'ina ba ta karye, tari ya sarƙe shi.

Na ce, "To, sannu gwani. So kake a haɗa toka biyu rana ɗaya, a huta da hayar kwalekwale?"

Ya ce, "Noelene, don Allah tafi ki sha shayinki."

"Ga yara cike da bariki, huhunsu sabo fil. Ko a saka ta waya, wa zai ce wani abu?"

Sai da numfashinsa ya dawo ya dube ni. "Ranar da na faɗa ruwa a Manila, Merv ne ya biyo ni cikin ruwan da takalmansa a ƙafa. Shi ne zan sallama da waya?"

Tsoro nake ji, kuma ya san da haka. Ba tarin ba ne kawai. Na san idan busar ta gagare shi a gaban mutane, zai dawo gida ya kwanta, ba zai ƙara tashi ba.

Ranar Asabar da hantsi muka fita daga gaɓar Huskisson a kwalekwalen kamun kifin ƙanin Bev. Cikin waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya a jirgin, mutum biyu suka rage ban da Athol: Lindsay mai sanda, da Trev wanda kunnensa ya mutu tun zamanin ƙarar injina. Kowannensu ya maƙala lambobin yabonsa a kan kwat ɗin da ta yi masa yawa.

Lindsay ya dubi tukunyar Athol ya ce, "Kai ɗan banza, nutso za ka yi ne ka taho da wannan?"

"Giya ce a ciki, kuma ba zan san maka ba."

Trev ya ce, "Me ya ce?" Babu wanda ya kula shi.

Da muka yi nisa aka kashe inji. Bev ta matsa gefe rungume da tulun tokar. Athol ya miƙe, ya cire robar ya miƙo mini ba tare da ya kalle ni ba, ya kafa usur a baki. Wallahi ta fita da kyau, siririya, har tsikar jikina ta tashi. Na riƙe nawa numfashin kamar zan iya ranta masa. Ba ta kai rabi ba ta tsinke. Ya dafe ƙarfen kwalekwale yana tari, leɓensa ya yi shuɗi.

Ƙanin Bev ya yi mata alama da ido ta zuba kawai, ta girgiza kai. Athol ya sake ɗaga usur ɗin, iska ce kawai ta fito.

Sai Lindsay ya jingine sandarsa ya ce, "Kawo nan, marowaci. Merv ba naka ba ne kai kaɗai." Ya ɗora daga inda ta tsaya. Tasa busar duk gargada ce, kuma shi ma bai yi nisa ba ƙirjinsa ya ƙi. Ya danƙa wa Trev. Trev da ba ya jin abin da yake busawa ya zuba wa Athol ido, Athol yana sauke masa hannu a hankali, a hankali, har ta sauka inda ake sauke ta. Bev ta karkata tulun. Na yi kuka sosai, ban kuma ɓoye ba.

A mota na mayar masa da robar, na tsaya sai da launinsa ya dawo. Ina jiran ya ce ya ji kunya, na ma shirya faɗan da zan yi masa.

Ya ce, "Mu uku muka haɗu kafin ta ishi Merv. Ni su biyu za su rage, Noelene. Ba za ta kai ba."

Na kashe motar da na riga na tayar. Na zare igiyar daga wuyansa, na goge bakin usur ɗin da gefen rigata.

Na ce, "Bar surutu, kana ɓata iska. Nuna mini inda ake ɗora yatsa."