Kiyashi a Bakin Randar Umma

Tun rasuwar yayarta Umma, Rekiya ta daina yi wa kanta allurar insulin. Ciwon suga ɗaya gare su, gida ɗaya a Kurudu. Umma ta fara allurar, ba a jima ba ciwon daji ya bayyana a mamanta, ya bazu har ƙashi. Rekiya ta sa a ranta allurar ce ta ciyar da shi.

Likita Prudence ta yi mata bayani a hankali. Ta ce masu bincike suna nan suna duba alaƙar magungunan suga da ciwon daji, ba su kammala ba, amma sugan da aka bari babu magani, ɓarnarsa a ido da ƙoda ba a shakkarta. Rekiya ta yi godiya, ta karɓi kwalaben, ta jefa su cikin randar da Umma ta saba sanyaya nata in an ɗauke wuta, ta rufe.

Sai kiyashi suka fara zuwa. Da rana tsaka suke fitowa daga gindin randar a layi guda, su wuce kwanon zuma ko kallonsa ba su yi, su tsaya a takalmin Rekiya. Ta share, ta yayyafa kananzir, suka dawo. Haka suka yi wa gadon Umma daf da ƙarshe.

Maƙwabciyarsu Christiana, wadda ta riƙa raka Umma asibiti, ta shigo da doya daga gona, ta ga yadda Rekiya ta rame. Da ta ji dalili, ta ajiye doyar.

"Anti, ba allura ba ne," ta ce da 'yar Hausarta. "Umma ya nuna mini ƙullutun tun kafin ya fara allura. Ya ce kar in faɗa miki, za ki ji tsoro."

Ran nan Rekiya ta buɗe randar, ta yi allurar. Kiyashin suka bar takalmin.

Washegari da hantsi ta je kwaso shanya, ta tarar da su a rigarta, ɓangaren hagu kaɗai, sun yi da'ira kamar kwabo, ba sa motsi. Ta kai hannu ƙirjinta daidai wurin, ta danna a hankali. Akwai wani abu, ƙarami, mai tauri.

Ta yafa mayafi, ta ƙwanƙwasa ƙofar Christiana.

"Zo ki raka ni asibiti," ta ce.