Layi Uku da Suka Ƙi Gogewa

Manzo ya sake danna bincike, karo na uku, layukan nan uku suka sake fitowa ja wur a fuskar kwamfutar. Manhajar kama 'yan leƙen asiri ta cire uwar cutar tun ɗazu. Saura guntayenta da suka maƙale a rajista, can cikin da kwamfuta ke ajiye sunan duk abin da aka taɓa sa mata. Sai an bi su da hannu, ɗaya bayan ɗaya.

Mai kwamfutar, Balkissa, unguwarzoma ce a Madécali. Kan kabu-kabu ta zo har shagonsa na bakin kasuwar Malanville, tana zaune kan benci da jakarta a cinya. Ta rame.

"Malam Manzo, mi ka gani?"

"'Yan tarkace ne. Yanzu za ni share su."

Ya san tarkacen. Shi ya sa su, wata bakwai da suka wuce, ranar da mijinta Kadiri, abokinsa tun makarantar boko, ya kawo kwamfutar a ɓoye yana cewa zuciyarsa ba ta kwanta ba. Minti goma aikin ya ɗauka, daga nan duk abin da ta rubuta Kadiri yana gani. Bayan mako biyu Manzo ya ji an ce Kadiri ya sallame ta, wai ya kama ta tana rubuta wa wani namiji a Parakou, "Kada mijina ya sani." Manzo bai tambayi kowa komai ba. Ya dai daina bin layin gidansu.

Ya buɗe rajistar, ya goge na farko.

"Mutumin nan na Parakou likita ne fa," in ji Balkissa, kamar da bango take magana. "Ƙari anka gani a nonona. Na ce in bari sai an tabbatar kafin in tayar ma Kadiri da hankali. Har yau ban gane yadda ya karanta saƙon ba. Ƙanwata na zarga. Wata bakwai ba mu gaisa ba."

Manzo ya goge na biyu. A waje wata babbar motar albasa ta wuce za ta gadar kan iyaka, shagon ya yi girgiza.

Saura ɗaya. Dannawa guda, kwamfutar ta fita tas, ba mai sake sanin komai.

"Shi ya sa na kawo maka," ta ce. "Kai dai ba ka cutata."

Ya ɗauke yatsansa daga madannin. Ya juyo da kwamfutar ta fuskance ta, ya nuna mata jan layin.

"Balkissa, kira ƙanwarki yanzu. Ba ita ba ce."

Ta dubi layin, ta dube shi. "Ƙaƙa ka sani?"

Manzo ya jawo kujerarsa kusa da bencin, ya zauna.