Ƙwayar Sukarin Saje Tiekoro

Majalisar gindin mangwaro ta unguwar Sogoniko ta ga gwamnatoci da yawa, kuma babu wadda ta tsira daga bakinta. Namori Traore ne mai dafa shayi, shi ya sa ba ya bayan kowa. Hannunsa na kan buta, kunnensa na kan jama'a.

Tun da yaƙin arewa ya sake zafi, majalisar ta dare gida biyu, 'yan gwamnati da 'yan adawa, kowa da gidan rediyon da yake haddace maganarsa. Jagoran 'yan gwamnati shi ne Saje Tiekoro Diarra, tsohon soja, wanda ba ya iya bayanin yaƙi sai ya ƙwace farantin shayin Namori. Kofuna su ne garuruwa, ƙwayoyin sukari sojoji, gawayi kuwa maƙiya.

"Nan muka tare su," in ji shi wata la'asar, yana tura sukari da yatsa. "Kafin damina an gama."

Sinali Konate, tela, babban ɗan adawa, ya kwashe da dariya. "Saje, tun bara kake tare su a farantin nan! Rediyonmu ya ce wancan sansanin ma an kewaye shi." Ya miƙa hannu ya ɗauki ƙwayar da ke can gefe ita kaɗai, ya jefa baki. "To ka gani, an cinye su."

Kowa ya yi dariya ban da Tiekoro. Ya miƙe, ya saɓi kujerarsa, ya tafi, alhali shayi na uku na kan wuta. A Bamako mutum kan bar walima tana tsaka, amma ba ya barin shayi na uku. Tafiya da kujera kuwa, wannan saki ne.

Kwanaki suka wuce bai dawo ba. Hira ta yi lami, har 'yan gwamnati suka fara zancen neman wata bishiyar. Abin ya dami Namori ƙwarai, don a nan suka yi samartaka, a nan suka yi furfura. Kuma shi kaɗai zai iya tunkarar mutumin, tunda Traore da Diarra abokan wasa ne tun kaka da kakanni, ba fushi tsakaninsu.

Ya same shi a tsakar gida bisa kujerar, waya a kan gwiwa.

"Salamu alaikum, bawana maci wake. Wa ya ba ka hutu?"

"Traore, yau ba na wasa."

"Kai ka ƙirƙiro wasan da za ka soke shi? Ƙwayar sukari ɗaya ce ta kori sojan ƙasa guda?"

Tiekoro ya dubi ƙofar ɗakin matarsa, ya rage murya. "Wadda Sinali ya cinye ɗin, sansanin da aka mayar da ɗana Kalifa ke nan. Ya hana ni gaya wa uwarsa. Ya daɗe bai kira ba. Kana tsammanin don gwamnati nake cika baki? Na san yaƙi, Namori. In ban ce muna ci ba, me zan ce?"

Tausayi ya kama Namori, amma ya san in ya nuna, tsohon zai ƙara shigewa ɗaki. Sai ya ce, "Tashi in ga, kamar ka rame."

Tiekoro na miƙewa, Namori ya sure kujerar ya ɗora a ka, ya fice. Abin da abokin wasa ya ɗauka ba a ƙwacewa, sai dai a bi shi. Haka suka ratsa unguwa, mai shayi a gaba da kujera, Saje a baya yana zabga masa "ɓarawo, jikan barori!", mata na tafa hannu.

A gindin mangwaro, Namori ya miƙa wa Sinali kofi, ya raɗa masa magana ɗaya a kunne. Telan ya ajiye kofin, ya dubi Tiekoro.

Da aka zo shayi na uku, wanda ya kamata ya fi duka zaƙi, ƙwayar sukari ɗaya ta rage. Namori zai jefa ta a buta, Sinali ya riƙe masa hannu. Ya karɓe ta, ya ajiye a gefen faranti, daidai inda ya ɗauke waccan.

"Ci gaba, Saje. Gwamnatinka ba ta iya komai ba, kuma gobe ma zan faɗa. Amma wannan, duk wanda ya taɓa ta da ni zai yi."

Tiekoro ya daɗe yana kallon ƙwayar. Sannan ya share ido da bakin riga, ya jawo faranti. "Kai tela me ka sani? Matso da gawayin nan."

Gardama ta ɓarke sabuwa fil. Shayi na uku ya zagaya da ɗacinsa, kowa ya shanye nasa, ba wanda ya nemi sukari.