Rabin Aski

Mai aski ya gama gefen dama na kan yayan matarsa, ya koma hagu, musu bai tsaya ba.

"Ɗan takararku fa ko rijiya bai taɓa haƙawa ba," in ji Yaya, yana kallonsa ta madubi.

"Naku ya haƙa, Yaya. Shi ya sa kowa ke faɗawa ciki."

Masu jiran layi suka kwashe da dariya. Shekara goma ke nan suna haka duk Asabar, Yaya ɗan jam'iyyar shuɗi, mai aski ɗan rawaya. Su zagi 'yan takarar juna son ransu, a kakkaɓe gashi, a rabu lafiya.

A ƙarshen benci akwai wani tsoho mai gyaran agogo, cikin mutanen da ambaliya ta koro zuwa garin nan shekarun baya. Yaya ya hango shi.

"Bari dai mu ci zaɓe. Duk baƙin nan mota za mu cika da su. Baba, gara ka fara ɗaure kaya."

Ya yi dariya shi kaɗai. Tsohon ya sunkuyar da kai yana murza gefen rigarsa.

Injin aski ya yi shiru.

"An ɗauke wuta ne?"

"Wuta na nan, Yaya." Mai aski ya kwance mayafin wuyan Yaya ya kakkaɓe. "Baba, taso, layinka ne."

"Kai, ba ka gama ba fa!"

"Na gama. Ka zagi jam'iyyata har gobe, ni mai dariya ne. Amma ba a korar mutum a shagona, ko da wasa."

"Ni? Yayan matarka?"

"Shi ya sa ban kai ka waje da kaina ba."

Yaya ya miƙe a fusace. A bakin ƙofa ya shafa kansa: rabi fes, rabi daji. Titi cike da jama'a, shi kuma bai zo da hula ba.

Mai aski ya buɗe durowa ya zaro wata hula rawaya mai hoton ɗan takararsa, ya miƙa masa.

"Ga aro, idan sauri kake."

Yaya ya daɗe yana kallon hular. Ya dubi titi. Sannan ya dawo a hankali, ya rusuna gaban kujerar aski, inda tsohon yake zaune yanzu.

"Baba," ya ce, yana gyaran murya, "ina kwana? Ya iyali?"