Jan Ɗigo a Gefen Aikin Auta

Babanmu tela ne, kuma yabonsa bai taɓa wuce "ba laifi" ba. Ko Mama ta yi girkin da sai ka lashe kwano, abin da za ta samu ke nan. Mu mun saba. Auta ce kawai abin yake ci wa rai, shi ya sa da aka karɓi aikinta a baje kolin fasahar zamani ta matsa mini lamba sai na kawo shi. So take, ko sau ɗaya ne, ta ji ya ce ta iya.

Tun daga ƙofa ya fara. Mun tarar da wata kujera mai ƙafa uku an kewaye ta da igiya, mutane na tsaye suna gyaɗa kai.

"Wannan fa?"

"Aikin fasaha ne, Baba," na ce.

"Kafinta ne dai ya tafi cin abinci bai dawo ba."

Gaba kaɗan ga wani farin allo, ko ƙuda bai sauka a kansa ba. Baba ya goge tabarau, ya ce mu ɗan jira mai shi ya zo ya fara.

Aikin Auta yana can ƙarshen zauren, ya cinye bango guda. Guntayen ƙyallayen da take sharewa a ƙarƙashin keken ɗinkinsa tun tana ƙarama ne ta harhaɗa, zare na reto ta ko'ina. Baba ya matsa kusa. Ya gane ragowar rigar makarantata, ya gane zanen da Mama ta ɗaura ranar sunan Auta. Auta kuwa tana gefe tana kallonsa.

"Ɗinkin ya karkace," ya ce. "Amma ba laifi."

Fuskarta ta canza. Wallahi sai da na ji haushinsa.

Mun juya za mu tafi ke nan idonsa ya kai kan wani ɗan jan ɗigo da aka manna a bango, dab da sunanta. To, a shagon Baba duk ɗinkin da ya ɗiga wa jan alli farke shi za a yi. Nan take ya tare wata ma'aikaciyar wurin.

"Ke yarinya, wa ya sa wa aikin 'yata ja? Kun bar gurguwar kujera, kun bar allon da ba a rubuta komai ba, sai wannan? Dubi yadda ta haɗa launi! Ni da na tsufa a kan keke ban iya wannan ba. Duk zauren nan babu mai hannunta!"

Mutane suka taru. Ma'aikaciyar ta danne dariya, ta rusuna.

"Baba, ai jan ɗigo alama ce an saya. Nata ne ma aka fara saye."

Baba ya gyara hula, ya dubi rufin ɗaki, ya yi gyaran murya.

"To," ya ce. "Ba laifi."

Auta ta riƙo hannun rigarsa, tana dariya hawaye na zuba.

"Ai ka makara, Baba. Duk na ji."